Baƙin mai ba ya wanke taɓo

Wasu samarinmu a Nima da Maamobi suna hawa kekunan gwanjo masu fedar Shimano SPD, wadda ke kama takalmi. Ruwan Yuni na sauka taɓo ya cushe fedar, sai yaro ya kwarara mata baƙin mai. Ni dai ban yarda da wannan ba. Mai da yashi in suka haɗu, ƙarfe suke ci, sifirin ya cije. Ranar da trotro ta taka birki gabanka a mahaɗar Malam, ƙafa ta ƙi fita, kai da kwalta ne.

Ɗan'uwa, wanke fedar da ruwa da tsohon buroshin haƙori, ƙwaƙule ƙarfen ƙasan takalmin. In ta bushe, ɗiga wa sifirin mai mai tsabta kaɗan. Da damina kuma, sassauta sukurunsa.