Nauyin da Dillali Ke Ɗauka Ranar Sayar da Gidan Mai Bashi

 Yau ina da magana a kan wata haja wadda ba a auna ta da mudu, ba a kuma rubuta farashinta kusa da na gero da shinkafa, wato gidan mutumin da bashi ya ci, da halin da dillalin da aka ba sayar da gidan yake shiga.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kuma kowa ya san in gida ya tafi wajen biyan bashi, mai gida da iyalinsa su ne cikin wuta, wannan ba gardama. Amma fa akwai mutum na uku a wurin wanda ba a kula da shi. Shi ne wanda ke sallama a zaure, ya shiga da igiyar awo, ya kawo masu taya gida suna leƙa ɗaki ɗaki alhali matan gida suna rakuɓe a bayan rumbu. Ni na yi wannan aiki, shi ya sa nake magana.

Bayan ambaliyar da ta cinye shinkafar damina a fadamun Kebbi cikin 2020, wani mai ba da rance ya kira ni, ya ce in sayar masa da wani gida a wani gari na ƙasar Kalgo. Mai gidan ya karɓi taki da iri da injin ban ruwa bashi, ya ajiye takardar gidansa jingina, ruwa ya zo ya shafe gonar, ko buhu ɗaya bai ɗauka ba. An jira shi shekara guda, abu ya gagara. Da na isa ƙofar gidan sai na ga ashe wanda muka yi makarantar allo tare ne. Ya shimfiɗa mini tabarma, yaronsa ya kawo mini ruwa ya durƙusa har ƙasa. Ina cikin awo sai tsohuwarsa ta yi magana daga bayan zana, ta ce, "Ɗan nan, gidan ga da kaka gani, nan anka kawo ni amarya, nan na haihi ɗiyana duka. Auna a hankali." Ba ta ƙara ko kalma ba. Daren nan tuwo bai shiga bakina ba.

An sayar da gidan, an ba ni la'adata. Kuɗin nan sun yi sati uku a aljihun riga ban iya sayen ko gishiri da su ba. Abin da ya fi cin raina shi ne, mutumin nan bai taɓa zagina ba. Duk inda muka gamu, a masallaci ko wurin jana'iza, shi ke fara miƙo mini hannu. Da zagina ya yi da na sami sauƙi.

To jama'a, dillalin babban birni yana iya sayar da gidan wanda bai sani ba, ya wanke hannu ya wuce. A Gwandu da Kalgo babu wannan. Wanda ka auna gidansa yau, gobe kuna sahu ɗaya, jibi ɗanka zai nemi auren 'yar ƙanensa. Manajan banki yana zaune a Birnin Kebbi, ɗan kasuwan da ya ba da rance yana cikin shagonsa yana lissafi, amma fuskar da unguwa ta gani ta dillali ce. Shekara goma ana cewa, "Ai wane ne ya sayar da gidan wane." An bar jaki ana dukan taiki.

Na lura wannan nauyi yana kai 'yan'uwanmu ɗaya daga wuri biyu. Wasu barci ya ƙaurace musu, su riƙa kewaye wata unguwa don kada su bi ta ƙofar wani gida, a ƙarshe su bar dillancin gidaje su koma na dabbobi ko hatsi. Wasu kuwa zuciyarsu ta bushe. Na farko ya yi musu zafi, na biyu ya rage, kafin na biyar sun fara sunsuno wanda bashi ya dabaibaye kamar ungulu, har su je su zuga mai bin bashi ya matsa. Hasarar mutanen farko tana da ciwo, amma ta biyun ta fi haɗari, don dillali ba shi da jari sai amana, ran da aka daina amincewa da mu kuwa sana'ar ta mutu.

Abin da ya sa maganar ta taso da ƙarfi a wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991 fili ya fara daraja a kewayen Birnin Kebbi. Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta ya zo bisa hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma babban asibitin jiha a Kalgo, sai gidan ƙasa da a da ba mai kallonsa ya zama abin da mai kuɗi zai karɓa jingina da murna. Sa'an nan ga shinkafa. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki, a watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamba 2020, shinkafar gida ta yi kuɗi, kowa ya faɗa noma, wanda bai sami rancen hukuma ba ya ci na 'yan kasuwa. Sai ambaliyar 2020, sai ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sai cire tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, wanda ya sa tayar da injin ban ruwa ya zama abin tunani. Da yawan waɗanda gidajensu suka shiga hannunmu ba 'yan caca ba ne, ba mashaya ba ne. Manoma ne da 'yan tireda waɗanda lissafi ya juya musu baya.

Kada mu zaci mu kaɗai ne. A Amurka, rikicin bashin gidaje na 2008 ya sa bankuna sun ƙwace miliyoyin gidaje, dillalai ne ake turawa su ƙwanƙwasa ƙofa, har bankuna suka riƙa ba mazauna gida 'yan kuɗin ƙaura don su miƙa makulli cikin lumana. A ƙasar Sifen kuwa, cikin watan Disamba 2012, masu gyaran kwaɗo da makulli na birnin Pamplona suka haɗa kai suka ce ba za su ƙara zuwa fasa ƙofar wanda banki zai fitar ba, bayan an sami waɗanda suka hallaka kansu saboda baƙin cikin kora. Abin lura a nan, ƙananan ma'aikata ne, amma da suka yi magana da murya ɗaya duniya ta ji.

Wani zai ce, to Malam, so kake mu ƙi aikin? A'a. Mai bin bashi yana da hakki, dukiyarsa ce, wataƙila shi ma wani yana binsa a Kano ko Legas. In aka ce jingina ba ta da amfani, gobe ba mai ba manomi taki sai da kuɗi hannu, talaka ne kuma zai sha wuya. Ban da haka, in mai tausayi ya ƙi, marar tausayi zai karɓa, ya kai gidan gwanjo a sayar da shi kuɗin akuya. Abin da nake kira gare shi shi ne, wannan zafi da muke ji a zuci mu mai da shi ƙa'ida ta sana'a, wadda kowane dillali zai tsaya a kanta, don kada ya zama kowa yana fama da nasa shi kaɗai cikin dare.

Na ɗaya, kada dillali ya taka gidan kowa da igiyar awo sai ya ga takarda da idonsa: ko yardar mai gida a rubuce gaban shaidu da mai unguwa, ko umarnin kotu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce jinginar da fili ko sayar da shi sai da amincewar Gwamna in mai satifiket ne, in kuwa na gargajiya ne sai da ta ƙaramar hukuma. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a shari'ar bankin Savannah da Ajilo saboda rashin wannan amincewa. Kuma a dokar zartar da hukuncin kotu, kayan da ake iya ɗauka ake fara kamawa, ba a taɓa gida sai an koma an nemi izinin kotu. Wanda ya ce maka "je ka sayar, ai takardar tana hannuna," ka ce masa ba ta isa ba.

Na biyu, a ba gida lokaci. Nan ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ce, malamanmu sun san abin da ke cikin Muhtasar na Halilu a babin wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa: ana sayar da kayansa a gabansa, ana gaggauta sayar da dabba don tana ci, amma gida da fili ana jinkirta musu kamar wata biyu don a sami tayi mai kyau, kuma ana bar masa abin ci da tufafi shi da iyalinsa. Mu duba da lissafin kasuwa. A ce bashi naira 2,000,000 ne, gida kuwa ya kai 5,000,000. In aka yi gaggawa aka sallama a 3,000,000, abin da zai rage wa mai gida bai kai miliyan ɗaya ba bayan la'ada. In aka yi haƙuri har ya kai kuɗinsa, zai tashi da kusan miliyan uku, ya sayi ɗan fili a bayan gari ya kafa ɗaki biyu. La'adar ma, a ce kashi 5 cikin 100 ce, ta gaggawa 150,000, ta haƙuri 250,000. Ashe gaggawa ba ta amfani kowa sai mai saye. Kuma kowa ya san tayin da ake samu da kaka, sa'ad da kuɗin amfanin gona ke hannun mutane, ya fi na tsakiyar damina.

Na uku, tayi ya zama a fili, mai gida ya ji kowane tayi da kunnensa, shi ma yana da bakin cewa albarka. Dillali kada ya sayi gidan da aka ba shi, ko da sunan ƙanensa ko yaron shagonsa. Wannan ita ce ƙofar da ta fi ɓata mana suna.

Na huɗu, jingina ba ta zama mallakar mai bin bashi don wa'adi ya cika. Hakkinsa kuɗinsa ne, abin da ya ragu na mai gida ne har kwabo, a ƙirga masa a hannu gaban shaidu ranar da aka biya.

Na biyar, ranar miƙa makulli mai bin bashi ko wakilinsa ya zo da ƙafarsa ya tsaya. Wanda zai karɓi kuɗi ya ga fuskokin da abin ya shafa. Na sha ganin mai bin bashi ya zo da zafi, ya ga yara suna fitar da tukwane, ya ce a ƙara musu wata ɗaya, wani ma ya yafe wani abu daga bashin. Ido yana da kunya, takarda ba ta da ita. A kuma sa cikin ciniki tun farko cewa iyali suna da kwanakin da za su nemi wurin komawa, kada a fitar da kowa ana tsakar ruwa.

Na shida ya shafe mu mu kaɗai. Dillalin da aka kawo masa gidan ɗan'uwansa ko amininsa ko maƙwabcinsa, yana da damar miƙa aikin ga wani abokin sana'a su raba la'ada, ba tare da an ce ya yi ragwanci ba. Wanda kuma ya ga abin yana hana shi barci, ya faɗa wa na gaba da shi a sana'a, ko limaminsa, in ya kai ga ciwon kai da bugun zuciya ya je asibiti a auna jininsa. Namiji ma yana da zuciya.

Ina roƙon shugabannin dillalai na Gwandu da Kalgo, da na Jega da Birnin Kebbi, su zauna da masu unguwanni da alƙalai a rubuta waɗannan abubuwa a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu, wanda ya saɓa a daina haɗa ciniki da shi. Ku kuma 'yan kasuwa masu ba da rance, kafin ku karɓi takardar gidan da mutum ke kwana ciki da iyalinsa, ku tambaya ko yana da gona ko fili ko dabba da za ta tsaya a madadinsa. Mai cin bashi shi ma ya yi wa kansa faɗa, kada ya ɗora rufin 'ya'yansa a kan damina ɗaya.

Mutanen gari kuwa, in kun ga dillali ya fito daga irin wannan gida kansa a sunkuye, ku tambayi yadda aka yi cinikin kafin ku yanke masa hukunci. In ya ɓoye tayi ko ya haɗa baki da mai saye, ku guje shi. In ya tsaya har gida ya kai kuɗinsa, ya ƙirga wa mai shi canjinsa, to ya yi wa iyalin nan abin da ya iya.

Allah ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, ya rufa mana asiri, ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.

Naku, wani dillalin gidaje, Kalgo.