TUKUNYAR GAS: A FAƊA MANA KUƊIN FITA TUN KAFIN MU SHIGA

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha da sauran garuruwan Kudu, yau maganarmu a kan wani ƙarfe ne da ke ajiye a kusurwar ɗakin girkin da yawa daga cikinmu, kuma yana ƙarƙashin teburin mai shayi da na mai tuwo-tuwo, watau tukunyar gas. Idan aka tambayi ɗayanmu ko ta wace ce wannan tukunya, dariya zai yi ya ce tasa ce mana, da guminsa ya saye ta. Saboda tasa ce, yau ya kai ta wancan shago a ɗura masa, gobe in ya ga ana tauye masa awo ko an ƙara masa kuɗi ya saɓa ta ya nufi wani shagon, ba mai ce masa don me. Wannan 'yanci ne da ba mu san darajarsa ba, domin ba mu taɓa rasa shi ba.

To, a shekarar 1919 ba a san da wannan magana ba, amma a 2019 jami'an ma'aikatar man fetur ta Gwamnatin Tarayya suka ba da sanarwar cewa ana nufin mayar da mallakar tukwanen gas hannun kamfanonin da ke sayar da shi, ta yadda magidanci zai riƙa kai tukunyar da ta ƙare a musanya masa da cikakkiya. Har yau dai shirin bai game ƙasa ba, yawancin gidaje su ke da tukwanensu, amma maganar ba ta mutu ba. Maƙwabtanmu na Gana sun soma aiki da irin wannan tsari a 2023, bayan gobarar tashar gas da ta auku a birnin Akra a watan Oktoba na 2017 ta sa gwamnatinsu ta yanke shawarar haka.

Ba zan ɓoye ba, hujjar masu wannan ra'ayi tana da ƙarfi. Tukunyar gas tana da wa'adi, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa ta ce a riƙa gwada ta duk bayan shekara 5, a kuma daina aiki da ita bayan shekara 15. Wa ya taɓa kai tasa gwaji a cikinmu? Sai ta yi tsatsa gindinta ya ruɓe, a shafa mata fenti a ci gaba. Haka kuma ɗurin gas a tsakiyar unguwa ya ci rayuka, kamar yadda aka gani a Sabon Tasha ta Kaduna a watan Janairu na 2020, da kuma Baruwa ta nan Ikko a watan Oktoba na wannan shekarar. Idan tukunya ta kamfani ce, akwai wanda za a kama da laifi in ta yi yoyo. Wannan gaskiya ne. Sai dai kafin mu tafa, ya kamata mu leƙa ƙasashen da kamfani ya daɗe yana mallakar mazubin gas na gidajen mutane, mu ga abin da ke samun magidanci ran da ya ce zai sake mai kawo masa gas.

A ƙasar Amurka kimanin gida 5 cikin kowane 100 da gas ɗin da suke kira furofen suke ɗumama ɗakunansu lokacin sanyi, yawancinsu kuwa mutanen karkara ne waɗanda bututun gas na birni bai kai gare su ba. Wannan gas ɗan'uwan wanda muke girki da shi ne, amma su ba a 'yar tukunya mai kilo 12.5 suke ajiye shi ba. Tanki ne babba ake girkewa a bayan gida, wani ma a binne shi a ƙasa, wanda aka fi yayi kuwa shi ne mai cin galan 500, kusan lita 1,900 ke nan, ko da yake ba a cika shi fiye da kashi 80 cikin 100 saboda gas yana kumbura in ya ji zafi. Irin wannan tanki yana da tsada, saboda haka sai kamfani ya zo da fara'a ya ce wa magidanci kada ya damu, za a girka masa tanki aro ko haya mai sauƙi, kuma za a yi masa ɗurin farko da rangwame. Magidanci ya sa hannu a takarda mai shafi da yawa da ƙananan rubutu, ya yi godiya. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da bai lura da shi ba shi ne, a yawancin jihohin ƙasar doka ta hana kowa ɗura gas a tankin da ba nasa ba sai da iznin mai shi. An yi dokar ne da sunan kiyaye haɗari, amma sakamakonta shi ne wanda ke da tankin kamfani a gidansa ba shi da ikon sayen ko da galan ɗaya daga wani. Shekara ta kewayo, rangwame ya ƙare, farashi ya hau, sai ya ji labarin maƙwabcinsa da ya mallaki tankinsa yana saye da araha daga wani kamfani. Ya ɗauki waya ya ce ya gode, a zo a ɗauke tanki. Daga nan ne zai san cewa tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, amma ya yi dubu bai fita ba.

Da farko za a ce masa akwai tarar warware yarjejeniya kafin wa'adinta, wa'adin da watakila ya sabunta kansa ba tare da ya sani ba. Sa'an nan akwai kuɗin zuwa ɗaukar tanki. Tankin kuwa ba a ɗora shi a mota da gas mai yawa a ciki, saboda haka akwai kuɗin zuƙe gas ɗin da ya rage. Wannan gas nasa ne, ya riga ya biya, amma in an tashi mayar masa da kuɗinsa sai a zabge wani abu da sunan ladan mayar da kaya rumbu, ragowar kuma ya yi ta jira. In ya kasance bai sayi adadin da aka ƙayyade masa a shekara ba, akwai tarar ƙarancin saye, watau ana cin mutum tara don ya yi tattali. In tankin binnanne ne, haƙa da cike rami da gyaran farfajiya duk suna iya faɗowa a kansa. Sabon kamfanin ma yana iya neman nasa kuɗin girke tanki da na gwajin yoyo. Idan magidanci ya haɗa lissafi ya ga abin da zai biya ya cinye ribar da zai samu ta shekara ɗaya ko biyu, sai ya haɗiye fushinsa ya zauna inda yake. Zamansa kuwa shi ne abin da ake nema tun asali.

Muninsa ya fito fili a watan Janairu na 2014, sa'ad da sanyi mai tsanani ya haɗu da ƙarancin gas a jihohin tsakiyar Amurka, farashin sari ya ninka fiye da sau biyu a cikin 'yan makonni. Mai tankin kansa yana iya buga waya ko'ina ya nemi mai sauran kaya. Mai tankin haya kuwa sai abin da kamfaninsa ya ga dama ya kawo, a farashin da ya faɗa.

Kamfanonin suna da abin cewa, kuma adalci ne a ji su. Sun ce tanki dukiya ce da suka zuba, motar ɗaukarsa da ma'aikata ba kyauta ba ne, kuma ba za su girka wa mutum kaya yau ya gudu gobe su tashi a tutar babu ba. Na yarda da rabin wannan magana. Aiki yana da lada, ba wanda ya ce a yi shi a banza. Inda na rabu da su shi ne, kuɗin shiga ana rubuta shi da manyan baƙaƙe a allon talla, kuɗin fita kuwa ana cusa shi a shafi na huɗu. Kuma mutumin da ya shekara 10 yana saye a wurinka ya biya kuɗin tankin nan tuni a cikin ribar kowane galan, to, tarar mece ce kuma ake bin sa ran rabuwa?

Ba ni kaɗai na ga haka ba. A Birtaniya hukumar kula da gasar kasuwanci ta binciki wannan sana'a, ta fitar da rahotonta a 2006, inda ta gano cewa manyan kamfanoni 4 ne suka riƙe yawancin kasuwar, kuma al'adar tumɓuke tanki duk sa'ad da mutum zai sake kamfani ita ce ke hana jama'a motsi. Umurnin da ya fara aiki a 2009 ya ba magidanci ikon neman a bar tanki a inda yake, tsohon kamfani ya sayar wa sabo, su daidaita tsakaninsu, ba ruwan mai gida da biyan kuɗin sauyi. An kuma hana ɗaure mutum fiye da shekara 2, sanarwar rabuwa kuma kada ta wuce kwana 42. A jihar Vermont ta Amurka, dokar 2011 ta haramta tarar ƙarancin saye, ta hana karɓar kuɗin rabuwa in tanki ya cika wata 12 a gidan mutum, ta kuma wajabta mayar da kuɗin ragowar gas cikin kwana 20. Faransa ma a 2014 ta ƙayyade cewa irin wannan yarjejeniya kada ta wuce shekara 5. Duk waɗannan gyare-gyare sun zo ne bayan mutane sun sha wuya shekara da shekaru.

Wani zai ce ina ruwan mai 'yar tukunya mai kilo 6 da tankin Bature. Girman mazubi ne ya bambanta, igiyar ɗaya ce. Ranar da tukunya ta zama ta kamfani, za a nemi kuɗin ajiya kafin a ba ka ita, irin kuɗin kwalba da muka saba bari wurin mai lemo, sai dai wannan ba na wasa ba ne. Kuma in ba a yi doka ba, tukunyar kamfani kaza ba za ta karɓu a shagon kamfani kaza ba. A Kenya an taɓa tilasta wa kamfanoni karɓar tukwanen juna, amma ƙa'idojin 2019 suka soke wannan tilas, aka bar musanya ga yardar kamfanonin.

Mu kuwa da muke zaman neman abinci a Kudu mun fi kowa shiga haɗarin wannan tarko, domin mu mutane ne masu tashi. Bana mutum yana Agege, baɗi mai gida ya ƙara kuɗin haya ya koma Idi-Araba ko ya haura Shagamu. Ɗan cin rani yana tattara kayansa da faɗuwar ruwan farko ya tafi gona. Wani kuma tsufa ne ko rashin lafiya ko tashin hankali ke mayar da shi gida cikin kwana biyu. Wanda ya ajiye kuɗinsa a wani shago a Sabo ta Badun, ya sauka Gusau ko Azare da tukunyar kamfanin da ba shi da ko wakili a can, wa zai ɗura masa, wa kuma zai mayar masa da kuɗinsa? A yau yana iya ɗaure ta a bayan motar kaya ya tafi da abarsa, ko ya sayar wa maƙwabci a daren tafiya. Ga kuma maganar rasit. Mutumin da ke kwana a shago ko a ɗakin mutum shida, ina zai adana 'yar takarda shekara 4? In ma ya adana, kuɗin da ya ajiye a wancan lokaci, bisa ga yadda Naira ke zubewa, ba zai sayi murfin tukunya ba ran da aka mayar masa. Kada kuma mu manta da mai karɓar tukunya a shago, wanda zai juya ta ya nuna wata 'yar lotsawa ya ce sai an cire kuɗin gyara.

Saboda haka kirana ga hukumar da dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da rarraba mai da gas, da kuma hukumar kare masu saye da aka kafa da dokar 2018, shi ne kada a karɓe tukunyar kowa sai an rubuta dokar rabuwa tukuna. Kuɗin ajiya ya zama sananne, iri ɗaya, a manne a bangon kowane shago, kuma kowane dillalin kamfanin a ko'ina cikin ƙasa ya zama wajibi ya mayar da shi nan take ga duk wanda ya kawo tukunya, da rasit ko babu, tun da sunan kamfani yana jikin ƙarfen. A tilasta wa kamfanoni karɓar tukwanen juna su yi musanya a tsakaninsu, domin su ke da motoci da ɗakunan ajiya. Wanda kuma aka karɓi tukunyar da ya saya da kuɗinsa, a lissafa masa ita a matsayin ajiyarsa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Kafin watan Afrilu na 2013 duk wanda ya bar kamfanin wayar salula sai ya bar lambarsa da abokan cinikinsa, har hukumar sadarwa ta ba da ikon ƙaura da lamba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai 'yan'uwanmu da wannan magana ta riga ta iso ƙofarsu, watau masu gidajen abinci da gidajen burodi da masu suyar kaji, waɗanda dillali kan zo ya ce zai ajiye musu manyan tukwane masu kilo 50 ko tanki ba ko kwabo, muddin a wurinsa za su riƙa saye. Alhaji, kafin ka ce to, tambaye shi nawa za ka biya ran da ka ce ya ɗauke kayansa, wa zai biya motar ɗauka, a wane farashi zai karɓi gas ɗin da ya rage, kuma wata nawa farashin da ya faɗa maka zai tsaya. Ya rubuta amsar da hannunsa a gaban shaidu biyu, ka kai kwafi ɗaya wurin sakataren ƙungiyarku ko fadar Sarkin Hausawan unguwarku a ajiye maka.