Ƙwallon Amurka: Shin atisaye cikin sanyi ne ke kawo nasara?

Duk watan Janairu, idan gasar NFL ta ƙwallon Amurka ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, wata tsohuwar muhawara kan sake tasowa: shin ƙungiyar da ke atisaye a sarari cikin sanyi ta fi wadda ke yi a rufaffen fili damar yin nasara?

Masu cewa haka ne ba su rasa hujja ba. A ranar 13 ga Janairun 2024, Miami Dolphins, waɗanda suka saba da zafin Florida, sun je Kansas City lokacin da sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, aka lallasa su 26 da 7. Marigayi Bud Grant, tsohon kocin Minnesota Vikings, ya riƙe wannan aƙida har ya hana a ajiye na'urar ɗumama jiki a gefen fili.

Lallai akwai abin da sanyi ke koyarwa. Ƙwallo kan yi tauri, yatsu su sandare, bugu ba ya nisa kamar yadda aka saba. Ɗan wasan da ya gwada safar hannu da takalmin da suka dace tun tsakiyar mako ba zai tsaya lalube ranar wasa ba.

Sai dai tarihin Green Bay Packers ya isa ya rage wa hujjar ƙarfi. Filinsu na Lambeau shi ne matattarar sanyi a gasar, amma a Janairun 2003 Atlanta Falcons, masu wasa ƙarƙashin rufi, sun doke su 27 da 7 har gida. A Janairun 2022 kuma San Francisco 49ers suka zo daga California suka fitar da su 13 da 10 cikin dusar ƙanƙara, bayan sun tare wani bugu da ya juya wasan.

Abin da ake yawan mantawa shi ne tsarin gasar. Ƙungiyar da ta fi matsayi ce ke karɓar baƙunci, don haka mai masaukin da ya ci wasa cikin sanyi galibi dama shi ya fi ƙarfi. Kansas City da ta doke Miami ita ce ke riƙe da kofi, kuma ta sake ɗaga shi wata guda bayan nan a rufaffen fili a Las Vegas. Miami kuwa ta je wasan ne ba tare da wasu manyan 'yan bayanta ba saboda rauni.

Atisayen waje ma yana da tsadarsa: ƙasa mai santsi na jawo rauni, sanyi kuma na rage yawan dabarun da za a maimaita. Su kansu Packers sun gina rufaffen filin atisaye, Don Hutson Center, tun 1994, daura da Lambeau.