Cutar Fakinsan a Gombe: Ƙwararre da Wayar Hannu Sun Fi Injin da Ke Kulle a Ɗaki

Ma'aikacin gwamnatin tarayya kan ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko kuma shekara 35 yana bakin aiki. A kusan wannan lokaci na rayuwa ne cutar Fakinsan ta fi bayyana: hannu ya fara karkarwa, jiki ya sandare, tafiya ta koma jan ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke fama da ita, kuma yawan masu ita ya ninka cikin shekara 25.

Cutar, wadda likitan Ingila James Parkinson ya bayyana a 1817, tana samo asali ne daga mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin. Maganin lebodofa yana rage alamominta, amma ba ya warkar da ita. Yayin da shekaru ke tafiya, ƙafar majinyaci kan kafe a bakin ƙofa ko wajen juyawa, sai ya faɗi. Karayar ƙugu ga dattijo kuwa sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi.

A nan ne aikin likitan fisiyo yake, kuma a nan ne fasaha ta nuna amfaninta. Binciken Michael Thaut da abokan aikinsa a Amurka a 1996 ya nuna cewa atisayen tafiya bisa sauti mai bugawa daidai-daidai yana ƙara wa majinyaci sauri da faɗin taku. Dalili shi ne, cutar tana lalata tsarin da ke tafiyar da taku ba tare da tunani ba, sai sautin ya ba ƙwaƙwalwa abin bi daga waje. Layukan da aka zana a ƙasa, ko sanda mai haska layi a gaban ƙafa, suna yin irin wannan aiki ta hanyar ido. A 2016 kuma mujallar Lancet ta wallafa binciken da ya gano cewa haɗa injin tafiya da allon da ke kwaikwayon hanya mai cikas ya fi injin shi kaɗai rage faɗuwa.

Gombe na da inda za a dasa wannan aiki. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke birnin, wanda ya fara a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya a 1996, yana karɓar marasa lafiya daga ƙananan hukumomi 11 na jihar da ma maƙwabta. Sai dai atisaye na bukatar maimaici kusan kullum. Dattijon da ke Dukku ko Nafada ba zai iya zuwa Gombe sau uku a mako ba, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa ya haƙura.

Saboda haka masu tsara kasafi a Abuja su guji ruɗin injuna masu tsada da ake yanke wa ƙyalle a gaban 'yan jarida, daga baya rashin wuta da kayan gyara su mayar da su kufai. Kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu a haka. Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗauki ƙarin likitocin fisiyo, su auna majinyaci ido da ido, su saita masa manhajar sauti a wayarsa, su koya wa ɗansa ko matarsa yadda za su tsare shi daga faɗuwa, sannan a riƙa bibiyarsa ta kiran bidiyo. Ƙwararre ne zai zaɓi saurin bugun, domin bugun da ya wuce ƙarfin majinyaci na iya kayar da shi.

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa. Ya kamata hukumar ta tabbatar cewa lebodofa da zaman fisiyo na dogon lokaci, har da na bidiyo, suna cikin abin da ake biya, kuma kariyar ta bi ma'aikaci bayan ritaya. Daraktan da ke sa hannu a takardar yau, wataƙila shi ne zai nemi wannan kulawa nan da shekara goma.