ZAUREN MALAMI: Yaro Mai Ƙiriniya Idan Ya Girma

 

Kowane malamin makaranta ya san yaron da za mu yi magana a kansa. Ba ya iya zama a benci minti biyar. Ana cikin karatu idonsa yana taga. Yau fensir ya ɓace, gobe littafi, jibi takalmi ɗaya. Kafin malami ya gama tambaya ya riga ya jefo amsa. A gida a ce da shi mai ƙiriniya, ko mai kunnen ƙashi, a yi ta ba juna haƙuri ana cewa in ya girma zai bari. Waɗansu kuwa su kan bari. Amma waɗansu ba sa bari, sai dai abin ya sake kama. Yaron ya zama magidanci mai gemu, yarinyar ta zama uwar 'ya'ya, sunan kuma ya koma rago, ko shashasha, ko marar alkawari. Su ne zancenmu na wannan wata.

Likitoci suna da suna domin wannan hali in ya yi tsanani. Su kan taƙaita shi da haruffa huɗu, ADHD, watau ciwon rashin tattara hankali da yawan kazar-kazar. Abin ya daɗe a duniya. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Crichton, ya rubuta labarin mutanen da hankalinsu ba ya tsayawa a kan abu ɗaya. A 1902 George Still ya yi lacca a Landan a kan yara masu irin wannan hali. Sunan da a ke amfani da shi yanzu ya shiga littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1987. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna misalin yara 5 cikin 100 suna da shi, manya kuwa tsakanin 2 zuwa 3 cikin 100. Binciken tagwaye kuma ya nuna gado shi ne babban tushensa, kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Saboda haka kada uwa ta zauna tana zargin kanta cewa tarbiyyarta ce ta gaza.

To, yaya a ke gane shi ga babba? Duk wanda ya ke bi ta Gwammaja ya san Asibitin Ƙashi na Dala, ga shi nan kusa. In mutum ya faɗo daga babur, a kai shi can, a ɗauki hoton ƙafa, kowa ya ga karaya da idonsa, ba gardama. Wannan ciwo ba shi da irin wannan hoto. Har yau babu awon jini, babu hoton kai da zai tabbatar da shi. Kayan aikin likita a nan tambaya ce da sauraro. Zai zauna da mutum sa'a ɗaya ko biyu, wani lokaci sai an koma sau biyu ko uku, yana bin tarihin rayuwarsa daki-daki. Waɗansu su kan raina wannan, su ce sun biya kuɗin mota sun je, hira kawai aka yi. Amma hirar tana da ƙa'ida, kamar yadda jarrabawa ta ke da ita. Bari mu jera muku.

Na fari, alamu. Littafin nan na likitocin Amurka, bugu na 5 wanda ya fito a 2013, ya lasafta alamu 18, ya raba su gida biyu. Tara na rashin tattara hankali ne: kuskuren ganganci a wurin aiki, kasa daɗewa a kan aiki ɗaya, a yi wa mutum magana kamar ba ya ji, fara aiki a bar shi rabi, rashin tsari, gudun aikin da ke bukatar dogon tunani, yawan ɓatar da kaya, ɗan motsi kaɗan ya ɗauke hankali, da mantuwar al'amuran yau da kullum. Tara kuma na kazar-kazar ne da gaggawa: mutsu-mutsu a kujera, tashi inda ya kamata a zauna, yawan surutu, katse wa mutane magana, kasa jiran layi, da makamantansu. Ga yaro sai an sami 6 daga gida ɗaya. Ga wanda ya kai shekara 17, 5 sun isa. Babba ba ya hawa teburi kamar yaro, amma zai gaya wa likita cewa cikinsa kamar injin da ba a kashewa ne.

Likitan kirki ba ya karɓar "i" ko "a'a" kawai, sai ya nemi misali. A ce tela ne. Zai tambaye shi ɗinki nawa ya karɓa kafin Kirsimati, nawa ya gama, sau nawa ya yanka yadin wani a kan awon wani. A ce mai sayar da kayan mota ne a Ƙofar Ruwa. Zai tambaye shi ko ya kan rubuta bashi, ina littafin bashin ya ke, sau nawa ya kulle shago ya bar makulli a jikin ƙofa. A ce uwargida ce. Sau nawa tukunya ta ƙone domin ta fita ɗauko abu ɗaya ta kama wani aiki, sau nawa ranar zubin adashi ta wuce ba ta sani ba.

Na biyu, ƙuruciya. Wannan ciwo ba ya farawa da tsakar rana. Tilas ne waɗansu alamun sun bayyana kafin shekara 12. A dā shekara 7 a ke cewa, a 2013 aka ɗaga, gama manya da yawa ba sa iya tuna abin da ya faru tun suna ƙanana haka. Mutumin da ya ke natsattse har ya kai shekara 30, sa'an nan mantuwa ta same shi, wani abu ne dabam ke damunsa, sai a nemo shi.

A nan ne mu ke da wahala ta musamman a ƙasarmu. Da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Amma shekara 12 ta yi daidai da ƙarshen firamare, saboda haka tambayar ita ce: yaya ya ke kafin ya gama aji 6? Likita zai so ya ji daga bakin wanda ya san shi a lokacin. Mun san kunyar ɗan fari. Akwai uwayen da ko sunansa ba sa faɗi, balle su zauna gaban baƙo su zayyana halinsa. In haka ne, a tafi da goggo, ko yaya, ko kawu wanda ya riƙe shi. In akwai tsofaffin takardun sakamakon jarrabawa a ƙasan akwati, a kakkaɓe su a tafi da su. Abin da malami ya rubuta shekara 25 da suka wuce, cewa yaron yana da ƙwaƙwalwa amma ba ya mai da hankali, shaida ce mai nauyi ƙwarai. Wannan kuma gargaɗi ne gare mu malamai: mu riƙa rubuta abin da mu ka gani filla-filla, mu bar kalmar zagi, gama wata rana takardar za ta yi amfani.

Na uku, wuri da lokaci. Sai alamun sun kai wata 6 ko fiye, sun kuma bayyana a wuri biyu ko fiye, kamar gida da wurin aiki. Wanda ba ya iya natsuwa a ofis kaɗai, amma a gida da kasuwa lafiya lau, watakila aikin ne bai dace da shi ba. Domin haka likita ya kan nemi jin ta bakin miji ko mata, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Ya fi kyau a ji kowa shi kaɗai, domin mace ba za ta so ta tona asirin maigidanta a gabansa ba. Ku lura kuma, ladabin da aka koya mana ya kan rufe abin. Mutum zai zauna a gaban likita shiru, kai a sunkuye, alhali hankalinsa ya kai Kurmi ya dawo sau uku. Haka nan mata da yawa su kan wuce ba a gane su ba, domin nasu ya fi zuwa da mantuwa da tafiyar tunani, ba hayaniya.

Na huɗu, ɓarna. Kowa ya kan manta, kowa ya kan gaji da dogon taro. Ba a kiran abu ciwo sai yana ɓata rayuwa: an kori mutum daga aiki sau da dama, karatu ya tsaya, jari ya karye, aure yana tangal-tangal. Kada kuwa a ɗauki abin da wasa. Wani babban bincike da aka buga a 2015 daga ƙasar Denmak ya nuna masu wannan ciwo sun ninka sauran mutane wajen mutuwar wuri, yawanci ta hanyar haɗari. Ku tuna da wannan in mutumin direba ne, ko mai tuƙa adaidaita sahu.

Na biyar, tankaɗe da rairaya. Abubuwa da dama suna kama da shi. Akwai ciwon damuwa mai tsanani, da fargaba, da ciwon da ke sa mutum ya yi makonni cikin zumuɗi sa'an nan ya faɗa baƙin ciki. Akwai rashin barci, da ƙarancin jini, da ciwon maƙoƙo irin wanda ke sa zuciya bugawa da sauri, da raunin ji. Akwai kuma shaye-shaye, wanda ya yi wa Kano illa har gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Likita zai tambayi zancen wiwi, da tiramol, da giya. Ba don ya kunyata kowa ba ne. Ba a ɓoye wa mai wanka cibiya. Wani lokaci kuma abu biyu ne tare, gama masu wannan ciwo sun fi saurin faɗawa shaye-shaye da damuwa. In an ɗibi jini ko an auna hawan jini, domin a kawar da waɗannan ne, da kuma sanin lafiyar zuciya kafin a ba da magani.

Akwai takardun tambayoyi da ke taimakon likita. Ɗaya an shirya ta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, tana da tambaya 18, a kan fara da 6 na farko domin tacewa. Wata kuma likitocin Holan ne su ka tsara, sunanta DIVA, tana bin kowace alama a ƙuruciya da kuma a girma. Ana samun irin waɗannan a intanet, matasa kuma suna kallon gajerun bidiyo a TikTok su yanke wa kansu hukunci. Takardar tacewa tana cewa ne kawai "je ka a duba ka". Hukunci na likita ne.

Ina za a je? A fara da asibitin da ke kusa, a nemi takardar turawa. A Kano akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke hanyar Zariya, akwai kuma asibitin Dawanau a hanyar Katsina. Na Kaduna suna da na Barnawa, na Sakkwato suna da na Kware. Likitocin nan ɗaruruwa kaɗan ne a ƙasar da ta wuce mutum miliyan 200, saboda haka sai an yi haƙuri da layi. Mun sani sunan Dawanau ya zama abin tsokana a bakin mutane, har wani ya gwammace ya rasa aikinsa da a gan shi a ƙofar. Amma wannan ciwo ba hauka ba ne, ba sammu ba ne, ba iskoki ba ne. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tsare mutuncin masu neman irin wannan taimako. Mu ma mu tsare shi. In ɗan'uwa ya gaya wa fasto ko dattijo damuwarsa domin a yi masa addu'a, a yi masa, a raka shi asibiti, maganar kuma ta tsaya nan.

In an tabbatar, akwai taimako. Tun a 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa maganin da ke zaburar da ƙwaƙwalwa yana sa irin waɗannan yara su natsu. Wanda aka fi sani yau shi ne Ritalin, akwai kuma waɗansu. Magani ne mai ƙarfi wanda doka ta tsare, yana iya taɓa barci, da cin abinci, da bugun zuciya. Kada kowa ya saya a kemis da kansa, kada kuma ya sha na wani. Bayan magani akwai dabarun gida: ƙusa ɗaya domin makulli, ƙaramin littafi a aljihu, ƙararrawar waya domin kowane alkawari, a raba babban aiki ƙanana-ƙanana, a yi barci a kan lokaci, kuɗin haya da na makaranta kuwa a ware su ranar da su ka shigo.

Wani zai ce mun ba ragwaye mafaka. Ko kaɗan. Wanda ya karɓi ɗinki wajibi ne ya gama, wanda ya ci bashi wajibi ne ya biya. Sanin sunan ciwo ba ya ɗauke wa mutum nauyinsa, hanyar ɗaukar nauyin ya ke nuna masa. Kuma in likita ya duba ya ce ba shi ba ne, ba a yi asara ba, gama sau da yawa a nan a ke gano ainihin abin da ke damun mutum.

Saboda haka in akwai wani a gidanku wanda shekara da shekaru faɗa bai gyara shi ba, ku zauna da shi cikin ruwan sanyi. Ku rubuta misalai goma na abin da ke faruwa, ku nemo wanda ya san ƙuruciyarsa, ku binciko takardun makaranta, sa'an nan ku nufi asibiti. Mu kuwa malamai da iyaye, yaron da ke gabanmu yau kada mu jira sai ya yi gemu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.