Sun Ci Sun Ƙoshi, Sun Kife Akushin

Jama'a, akwai wata magana da manyanmu ke yawan yi in an taru wajen lacca ko bikin yaye ɗalibai, wai ɗaliban yanzu ba su da juriya, su a zamaninsu karatu kawai suka sa gaba. To, madalla. Amma sai mu tambaye su, a wane ɗaki suka kwana, kuma wa ya dafa musu abincin da suka ci?

Yaron da ya fito daga Mabai, ko Faskari, ko Sabuwa a shekarun 1970, ya bi ta Funtua ya sauka Samaru, ba ya neman ɗan'uwa a Zariya don ya raɓe. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da makwanci na jiransa a Suleiman ko Akenzua ko Ɗanfodiyo, ga tikitin abinci sau uku a rana, ga kuɗin tallafi daga jiharsa ta Kaduna, don a lokacin ba a yanke Jihar Katsina ba sai 1987. Da wannan gata ne ɗan manomin auduga ya zama likita, ya zama babban sakatare.

Kuma kada a ce mana ba su san darajar abin ba. A Afrilun 1978, da aka ƙara kuɗin abinci da na ɗaki, zamanin Kanar Ahmadu Ali yana kwamishinan ilmi na tarayya, ai ƙasar nan ɗaukar zafi ta yi. An harbe Akintunde Ojo a Legas, an zubar da jinin ɗalibai a Samaru, gwamnatin Obasanjo ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa da Segun Okeowo ke shugabanta. A Mayun 1986 ma, rikicin da ya taso daga tunawa da waɗancan mamata ya sake jawo 'yan sanda suka kashe ɗalibai a harabar nan tasu. Wato dai saboda kwano da katifa aka yi asarar rayuka. Yau kuwa tsararrakin waɗannan ɗalibai ne suka riƙe ma'aikatu da majalisun jami'o'i, kuma daga bakinsu muke jin wai ba aikin gwamnati ba ne ta ba ɗalibi makwanci. Kai, Allah ya sawwaƙe!

Tun da aka daina ciyarwa a 1984 al'amarin ya yi ta gangara. Ana ƙara ɗiban ɗalibai, ba a ƙara gini. Ɗakin mutum biyu ya zama na gayya, wanda ya sami gado kuma wani lokaci sayar da shi yake ga mai kuɗi. Sauran sai haya a bayan gari, inda ba katanga ba mai gadi. Wani zai ce ai wahala ce kurum, kowa ya sha. A'a, malam, a ƙasarmu ta wuce wahala. Daga gidajen haya na Sabon Gida aka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Satumbar 2023, wata mai bi masa aka ɗauki ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-ma daga gidan da suke haya. Uban da ya ga abin da ya faru da yara fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da wane bakin za ka lallashe shi ya tura 'yarsa haya a garin da bai san kowa ba?

Malamanmu ma kada su zame. An ba kowane aji malami mai ba da shawara, amma ɗalibai da yawa ba sa ganinsa sai ranar sa hannu a takardar rajista. Ɗan farfesa yana da mai nuna masa darussan da zai ɗauka tun a gida. Ɗan Mabai kuwa, wanda watakila shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a, sai ya kai shekarar ƙarshe kana a gaya masa akwai darasin da bai yi ba tun aji ɗaya. Mun san aiki ya yi wa malamai yawa, albashi kuma ba ya kai ko'ina, amma awa ɗaya a mako, ƙofar ofis a buɗe, ba ta bukatar kasafin kuɗi daga Abuja.

Abin da muke nema a fili yake. Kafin a ƙara ɗaukar ɗalibi ko ɗaya, hukuma ta faɗi gadaje nawa gare ta, a kuma fara rabon da 'yan mata da waɗanda suka fito daga ƙauyukan da tsaro ya taɓarɓare. Tsofaffin ɗalibai kuma da ke gina ƙofar shiga mai ƙawa don a rubuta sunansu, su gina mana ɗakin kwana mai famfo, su rubuta sunan a jikinsa.