Madubin Warzazat da Ruwan Manoman Dabino

Sharhinmu na yau zai kai mu kudancin Maroko, garin Warzazat, a bakin Sahara.

A can ne Sarki Muhammad na Shida ya buɗe tashar lantarki ta Noor ta ɗaya, cikin watan Fabrairun 2016. Ba irin farantan solar da muke ɗorawa a kan rufi ba ne. Madubai ne masu lanƙwasa, wajen rabin miliyan, an jera su sahu-sahu suna bin rana duk inda ta juya. Su tattara zafinta a kan bututu, man da ke ciki ya ɗau zafi ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, a sami wuta megawat 160. Har ana ajiye zafin cikin narkakken gishiri, tashar ta ƙara awa uku tana aiki bayan magariba.

To, amma fa tana shan ruwa. Tururin da ya gama juya inji sai an sanyaya shi ya koma ruwa kafin a sake tafasa shi, kuma a Noor ta ɗaya da wani ruwan ake sanyaya shi. Duk wanda ya taɓa dafa jikin randa da tsakar rana ya ji damshinta ya san dabarar: ruwan da ke tsattsafowa yana bin iska, shi ke sanyaya na ciki. Randa ɗan kaɗan take rasawa. Tasha irin wannan kuwa takan shanye kusan lita 3,000 kan kowane megawat da ta bayar na awa guda. Daga ina ake jawo shi? Daga madatsar Mansur Eddahbi, wadda manoman dabino na kwarin Dara'a ke jiran a sako musu ruwanta. Ga shi ƙasar ta yi shekaru a jere cikin fari, har a 2025 sarkin ya roƙi jama'a su haƙura da layya saboda dabbobi sun yi ƙaranci.

Da aka zo gina Noor ta biyu da ta uku, waɗanda suka fara aiki a 2018, sai aka sake shawara. Manya-manyan fankoki ne ke hura iska a jikin bututun tururin, kamar lagireton mota. Wannan kaɗai yana rage kusan kashi tara cikin goma na ruwan da ake sha. Haka aka yi a tashar Shams ta Abu Dabi da ta Ivanpah a Amurka. Ba kyauta ba ne: ginin ya fi tsada, fankokin na cin wuta, kuma ranar da aka yi tsananin zafi abin da tashar ke bayarwa yakan ragu. Ni dai a ganina gara a yi wannan asarar. Wutar da ta ragu ana iya cike ta daga wata tashar, amma dabinon da ya bushe sai an yi shekaru kafin sabon dashe ya haihu.

Saura wankin madubai. Mu da muka san hazo, mun san yadda ƙura ke rufe gilashin mota a dare ɗaya. Madubi mai ƙura ba ya tara rana, kuma ba kowane ruwa ake wanke shi da shi ba, sai tatacce, don mai gishiri tabo yake bari. Yawanci da dare motocin wanki ke bin sahu da burushi da feshi. A nan ma injiniyoyi na neman sauƙi: a tare ruwan wankin a tace a sake amfani da shi, a shafa wa madubi abin da zai hana ƙura kamawa, a riƙa auna datti don a wanke sahun da ya yi datti kawai.

Duk ƙasar Sahel da za a kawo wa tayin irin wannan tasha, kafin a sa hannu ya kamata ta ga a rubuce lita nawa za a sha a shekara, kuma daga rijiyar wa.